Inuwar da Mish'al Ya Nema

Ɗana Mish'al ya rasu yana da shekara ashirin da tara, a kan wani dutse a arewacin Tabuk, cikin watan Janairu. Sanyi ne ya kashe shi. Idan na faɗi haka a Utaibiyya, unguwarmu a nan Makka, mutane sukan ɗan yi shiru suna jiran in gyara maganata, don a garin nan ba mu san sanyi yana kisa ba. Rana muka sani.

Ya bar saƙon murya guda ɗaya mai tsawon daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ni aka turo wa. Wata goma sha ɗaya na yi ina ɓoye wa mahaifiyarsa, Ummulkhairi, cewa akwai wannan saƙo. Ba za a gane dalilina ba sai an san ko wane ne shi, don haka zan fara daga farko.

Mahaifina, Sabo, ya baro ƙasar Kano yana saurayi, ya bi ta Chadi da Sudan, ya yi shekara shida a hanya kafin ya ƙetaro teku. Tsire ya sayar a Utaibiyya har ƙarfinsa ya ƙare. A nan aka haife ni, aka sa mini suna Isa. Na karanta aikin jinya a jami'a, na yi shekara talatin da ɗaya ina aiki, kuma babu Hajjin da ya wuce ni a cikin waɗannan shekaru ba tare da ina tantin masu bugun rana a Mina ba. Na ga abin da zafi yake yi wa jikin ɗan Adam fiye da yadda zan so in tuna. Daga wannan aiki na fitar da wata ƙa'ida mai gaɓa biyar wadda nake koya wa alhazai, musamman Hausawa, don ni ake turo wa su: ka nemi inuwa, ka zauna, ka sassauta tufafi, ka sha ruwa kaɗan-kaɗan, ka jira a zo. Ban san adadin mutanen da ta ceta ba, amma suna da yawa.

Mish'al ne ɗanmu na fari. Bayansa sai Manal, da tazarar shekara huɗu. Ummulkhairi ta tashi a hannun mahaifiyarta, Hajo, wadda ta riƙe al'adar gida kamar jiya ta baro Kano, saboda haka ita ma ta yi wa ɗan farinta kunya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan Hajo take ce masa. Matan unguwa kuwa, bisa al'adar nan, Ummu Mish'al suke kiranta, sai ta yi kamar ba ta ji ba har a kira sau biyu. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Amma in zai fita, tana tsaye a bayan labulen taga har ya sha kwana.

Tun yana ƙarami yake son sanyi. Yana shekara biyar muka same shi ya ɗora kujera ya buɗe saman firji ya tura kansa ciki, yana lasar ƙanƙarar da ta daskare a jikin bango. Hajo ta ce a bar shi, wataƙila a kakanninmu akwai wanda ya fito daga cikin randa.

Yana shekara goma sha ɗaya, cikin watan Agusta, ya bi abokansa suka hau dutsen da ke bayan unguwa da tsakar rana. Ɗauko shi aka yi aka kawo gida, fatarsa a bushe, idonsa a juye, yana kiran sunayen mutanen da ba sa wurin. Ni na yi masa magani a tsakar ɗaki, da jiƙaƙƙen zane da fanka. Da ya warware bayan kwana biyu na tsayar da shi a gabana. Ban dake shi ba. Na sa shi ya haddace ƙa'idar.

"Maimaita," na ce.

"In nemi inuwa. In zauna. In sassauta riga. In sha moya."

"Ruwa. Da Hausa nake tambayarka."

"In sha ruwa kaɗan-kaɗan. In jira a zo."

"In kanka ya fara juyawa fa?"

"Kada in ce zan iya. In nemi inuwa."

Kullum kafin ya tafi makaranta sai ya faɗa mini ita a bakin ƙofa, har tsawon shekara guda. Kamar yawancin 'ya'yan da aka haifa a nan, Larabci ne harshensa. Hausarsa ta gaisuwa ce da neman abinci a wurin Hajo. Amma waɗannan jimloli biyar yana faɗinsu ba gargada, da irin karin mahaifina. Da ya girma suka zama abin wasa tsakaninmu. In na yi masa faɗa a kan wani abu daban, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba, zan nemi inuwa."

Na so ya yi jami'a. Ya ƙi. Ya shiga makarantar koyon sana'a ya fito mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan muke kira mukayyif. Na yi shekara biyu ina jin haushin wannan, kuma ban ɓoye masa ba. Aikinsa a unguwar Aziziyya yake, a manyan gidajen saukar alhazai. Wata uku kafin Hajji ba ma ganinsa sai da magariba. Yana kan rufin benaye a zafin da ya kai digiri arba'in da takwas, yana kwance injina yana wankewa yana cika musu iska, bene bayan bene. Hannunsa kullum baƙi da mai, shi ya sa ma bai taɓa sa wa wayarsa makulli ba, ya ce ba ta gane yatsansa. Wata rana na sake tayar da maganar jami'a muna cin abinci, sai ya ce:

"Baba, ai aikinmu ɗaya ne. Kai kana jira su faɗi ka tashe su, ni ina hana su faɗuwa tun daga ɗaki."

Manal ta ce, "To ka ji dakta."

"Daktan mukayyif, na'am. Ranar da naki ya mutu za ki kira ni da ladabi."

Ban sake tayar da maganar ba. Masu gidaje suna nemansa da suna, don ba ya cewa abu ya lalace in bai lalace ba.

Zamiya kuwa, wasan da ya fi so a duniya, a kan yashi ya fara ta. Shi da abokinsa Abdulilah, ɗan unguwar Rusaifa, wanda suka yi makarantar sana'a tare, sukan fita bayan gari da wani allo su hau tudun yashi su zamo. Daga nan suka je Dubai suka gwada dusar ƙanƙarar da ake yi da inji a cikin gini. Sai kuma suka je ƙasar Jojiya sau biyu, mako guda kowane zuwa. A can ya koyi abin da kyau, ya dawo da dogayen katakai biyu siraru da ake ɗaura wa ƙafa, da sanduna biyu, da wasu takalma masu tauri kamar an ƙera su. Amma a can akwai injin da ke kai mutum saman dutse, akwai gidan shayi a ƙasa, akwai masu tsaro. Ya san sanyin da mutum yake shiga ya fita lokacin da ya ga dama. Irinsa ne kuma yake sayarwa a Aziziyya.

Katakan suna jingine a bayan ƙofar ɗakinsa wata goma sha ɗaya a shekara. Ummulkhairi tana ɗaukar sanda ɗaya ta zaro shanya daga igiyar sama, shi kuma yana ihu daga ɗaki.

"Ummi, wallahi wannan ba sandar shanya ba ce!"

"To ta mece ce? Tun azumi ban ga ta yi wani aiki ba."

Burinsa shi ne ya yi zamiya a ƙasar da aka haife shi. A duwatsun Tabuk, wajen Jabal Lauz, dusar ƙanƙara takan sauka 'yan kwanaki a shekara, wata shekarar ma ba ta sauka, kuma in ta sauka ba ta wuce kwana biyu ko uku ta narke. Daga nan zuwa can ya fi kilomita dubu. Da zarar Disamba ta kama sai ya zama mai duban yanayi, yana bin taswirar gajimare a waya kamar manomi. Ba wurin da jama'a suke tsayawa da motoci suna ɗaukar hoto yake so ba. Can ciki yake so, inda babu hanya. Ya taɓa yi mini bayanin yadda ake yi: ana manna wani ƙyalle mai gashi a ƙarƙashin katakan don kada su zame baya, a hau dutsen da ƙafa ana jan su, in an kai sama a ɓare ƙyallen a zamo.

"Hawan awa nawa?" na tambaye shi.

"Huɗu, ko huɗu da rabi."

"Saukowar fa?"

"Minti goma, in Allah ya so."

"Awa huɗu don minti goma."

"Baba, kai fa? Shekara guda kuke shiri don kwana biyar."

Shekarar farko da suka je, kafin su isa ta narke, suka dawo da hoton taɓo. Shekara ta biyu suka same ta. Ya nuna mini hoton layi biyu da katakansa suka zana a kan farin gangare, jajayen duwatsu a gefe, babu sawun kowa. Ban taɓa ganinsa da irin wannan fuska ba, ko ranar da ya sayi motarsa. Ya ce a saman babu ƙarar komai, har bugun zuciyarsa yana ji. Mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin rurin injina ne ya faɗi haka, don haka na fahimce shi.

A shekara ta uku suka tashi ranar Laraba da safe. Mun karya tare da wake da gurasar tamis. Ummulkhairi ta cusa masa dabino a jaka, ta koma bayan labule. Ni na raka shi har mota. Abu ɗaya na tambaye shi.

"Kun ɗauki ruwa isasshe?"

Ya buɗe bayan motar ya nuna mini jarka uku. Na ce madalla. Ban tambaye shi bargo ba, ban tambaye shi ashana ba. Bai zo mini a rai ba.

Abin da ya faru ranar Alhamis na tattara shi ne daga bakin Abdulilah, da rahoton masu ceto, da bayanin likitan da ya duba gawar. Sun bar mota da ƙarfe bakwai na safe. Sun kai sama wajen sha ɗaya da rabi. Sama tarwai, babu iska. Suka ci dabino suka fara saukowa. Ƙanƙarar ba ta da kauri a wannan shekara. Da misalin sha biyu da kwata katakon Mish'al na dama ya daki dutsen da ke ɓoye a ƙarƙashinta, ya wuntsila, ƙashin ƙaurinsa ya karye.

Babu layin waya a wurin. Abdulilah ya ja shi zuwa wani faffaɗan dutse da rana take duka sosai, wanda ake hangowa daga nesa. Ya ɗaure masa ƙafar da sanda, ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa masa, ya bar masa gorar ruwa. Ya ce masa kada ya motsa daga nan. Sannan ya kama gangarowa a ƙafa. Awa uku ya yi kafin ya kai mota, ya yi tuƙin kusan awa guda kafin waya ta kama.

Masu ceto sun isa faffaɗan dutsen a jirgi mai saukar ungulu da ƙarfe shida saura minti ashirin, rana tana gab da faɗuwa. Babu kowa a kai sai rigar Abdulilah, an danne ta da dutse don kada iska ta ɗauke. Iska ta taso tun wajen ƙarfe uku ta share duk wata alama a kan ƙanƙara. Sun kira, sun haska, sun nema har iska da duhu suka kore su. Washegari da safe suka same shi, mita sittin daga inda aka bar shi, ta gefen arewa, a ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa, inda ba a ganin mutum daga sama ko daga ƙasa, inda kuma rana ba ta shiga sam a wannan wata. Yana zaune, bayansa jingine da dutse. Rigarsa a buɗe har ciki. Ya kwance igiyoyin takalmin ƙafarsa mai lafiya. Saura ruwa kaɗan a gora, ya daskare.

Likitan ya ce karayar kaɗai ba ta kisa. Ya ce da ya zauna inda aka bar shi, da an same shi da rai, yana rawar ɗari amma da rai. Na tambaye shi me zai sa mai karaya ya ja jikinsa mita sittin, me kuma zai sa ya buɗe riga. Ya ce bai san na farkon ba. Na biyun kuwa, wasu in sanyi ya kai musu maƙura sukan ji kamar zafi suke ji, su buɗe tufafi. Na riƙe wannan bayani da hannu biyu.

Muka kawo shi Makka. Aka yi masa salla a Harami bayan azahar, muka binne shi a maƙabartar Shara'i. Kwana uku aka jera kujeru a layinmu ana karɓar gaisuwa. Masu gidajen Aziziyya sun zo, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Ummulkhairi ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suka yi ta yabon haƙurinta.

Kwana tara bayan binne shi na buɗe ledar kayansa da aka ba ni. Wayarsa tana ciki, a mace. Na sa ta a caji a ɗakin karatuna da hantsi, na kunna. Ba a yi minti ɗaya ba sai tawa wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na duba, na ga sunansa. Saƙon da ya ɗauka a kan dutse ne, ya zauna yana jiran layi, sai yanzu ya samu ya fita. An ɗauke shi da ƙarfe biyu saura minti takwas na ranar Alhamis. Da Hausa ya yi shi. Ga abin da ya ce, ban rage ba ban ƙara ba:

"Baba, salamu alaikum. Ƙafata ta karye, amma ba komai, Abdulilah ya tafi ya kira mutane. Ranar nan tana da ƙarfi, ƙanƙara tana dawo da ita cikin idona. Ina gumi, kaina ya fara juyawa. To na yi yadda ka ce. Na nemi inuwa, na zauna, na sassauta riga, ina shan ruwa kaɗan-kaɗan. Ina jira a zo." Sai ya yi 'yar dariya. "Ka ga ban manta ba. Kada ka gaya wa Ummi tukuna, sai na zo da kaina."

Na san aikina, don haka na san abin da ya same shi. Zafin karaya yana sa gumi. Zubar jini a cikin tsoka da tsayin dutse suna sa jiri. Hasken rana a kan ƙanƙara yana sa ciwon kai. Ya duba jikinsa ya ga gumi da jiri da ciwon kai a ƙarƙashin rana, ya karanta su yadda na koya masa, ya yi abin da na sa shi ya maimaita shekara guda a bakin ƙofa. Ya bar wuri ɗaya tilo mai ɗumi a kan dutsen nan, da karyayyiyar ƙafa, ya ja jiki zuwa wuri mafi sanyi. Har ya tsaya ya danne rigar abokinsa da dutse. Hankalinsa ɗaya ya buɗe rigarsa, awa da yawa kafin abin da likita ya faɗa.

Da yamma Ummulkhairi ta ga wayar a kan tebur.

"Abu Mish'al, bai bar komai a ciki ba?"

"Hotuna ne kawai," na ce.

Na gaya wa kaina cewa wasiyyarsa nake cikawa, tunda shi ya ce kada a gaya mata. Na san ba haka ba ne. Tukuna ya ce. Tsoro nake ji ta ji muryarsa yana cewa na yi yadda ka ce, sannan ta ɗago ta dube ni. Na goge saƙon daga wayarsa, na bar shi a tawa. Na ba ta tasa da hotunan.

Haka muka zauna. Tana duba hotunan bayan la'asar. Akwai wani gajeren bidiyo na shekarar da ta gabata inda ake jin muryarsa daga nesa yana kiran Abdulilah, kalma biyu, iska tana cinye rabi. Shi take maimaitawa, tana kara wayar a kunne. Ina jinta daga ɗakina, da daƙiƙa arba'in da ɗaya a aljihuna, muryarsa tar, har da dariya, har da sunanta.

Da Hajji ya zo na koma Mina a matsayin ɗan sa-kai, kamar yadda nake yi tun da na yi ritaya. Rana ta biyu aka kawo mini wani dattijo Basakkwace yana tangaɗi. Na zaunar da shi, na buɗe baki, jimlolin suka fito da kansu. Ya bi su, ya warware, ya yi mini addu'a. Ƙa'idar daidai take, a Mina. Na gama aikin ranar, washegari na ce a ba wani wurina.

A watan Disamba, ranar wata Juma'a bayan la'asar, Abdulilah ya zo gaishe mu. Tun kwanakin gaisuwa bai sake zuwa ba. Ya rame. Ya ce ya ba da katakansa. Ummulkhairi ta kawo masa shayi ta zauna daga bakin ƙofa, don tun yana yaro yake shiga gidanmu.

"Khala," ya ce mata, haka yake kiranta, wato inna, "kullum sai na lissafa. Da na yi sauri da rabin awa. Na san ya gaji da jirana ne, ya ce bari ya biyo ni."

"Kai, Abdulilah, bar wannan magana. Kwanansa ne ya ƙare. Sha shayinka."

"Ni dai abin da nake gani kullum, da na juyo daga ƙasa na hango shi, yana ɗaga mini waya. Ya ce zai bar wa Ammi Isa saƙo, in layi ya zo zai tafi da kansa." Ya juyo wurina, don ni yake kira Ammi, wato baffa. "Ammi, bai iso ba ko?"

Na sunkuyar da kai. Na dubi kofin da ke hannuna. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, amma ya isa. Abdulilah ya ajiye shayinsa bai sha rabi ba, ya yi sallama.

Ummulkhairi ta kwashe kofuna ta kai kicin ta wanke. Ta dawo ta zauna a kujerar da yaron ya tashi, ta share hannunta da gefen mayafi.

"Kunna mini," ta ce.

"Akwai abin da ya kamata in fara gaya miki."

"Ba kai nake son ji ba. Kunna."

Na kunna, na ajiye wayar a kan tebur a tsakaninmu. Ba ta motsa ba har ya kai wurin dariyar. A nan ta sa hannu ta rufe bakinta. Da ya ce Ummi sai ta runtse ido. Saƙon ya ƙare. Mukayyif ɗin falo, wanda shi ya haɗa shi, yana ta aiki.

"Ni na koya masa," na ce.

"Na sani. Ina tsaye a nan kake sa shi yana maimaitawa. Ni nake tuna masa in ya manta ta huɗun." Ta dubi wayar. "Da ni ce a kan dutsen nan, inuwar zan nema. Duk wanda ke layin nan ita zai nema."

Na ɗauka ta gama. Sai ta ɗago ta dube ni.

"Yaushe ya iso?"

"Kwana tara bayan an binne shi."

Ta ƙirga da yatsu, a hankali, har ta kai goma sha ɗaya.

"Kana jina ina kara kunne a kan iska," ta ce. "Kullum kana jina. Shekara ashirin da tara ban kira sunansa ba, ban rungume shi a gaban mutane ba, na ce akwai lokaci. Ya kira ni a wurin da zai mutu, kai kuma ka sa a aljihu." Muryarta ba ta tashi ba. "Laifin inuwar ba naka ba ne, Abu Mish'al. Wannan naka ne. Ban san yadda zan yi da shi ba tukuna."

Ta miƙe ta ɗauki wayata daga kan tebur.

"Ka kira yaron nan ka gaya masa ba shi ya biyo ba. Yau, ba gobe ba. Ka ari wayar Manal."

Na kira shi kafin magariba. Da na gama gaya masa sai ya ce, "Ammi, da ka gaya mini," ya kashe.

Yau kwana ashirin da uku ke nan. Na sayi wata wayar. Tawa tana wurinta, ban tambaya ba. Tana dafa abinci, tana ajiye mini nawa a rufe, tana amsa gaisuwata. Katakansa suna nan a bayan ƙofa, sanda ɗaya ce kawai, ɗayar da ita aka ɗaure masa ƙafa. Jiya an nuna a labarai cewa ƙanƙara ta sauka a Tabuk, Manal ta tashi ta canza tasha.

Bayan la'asar Ummulkhairi takan shiga ɗakinsa ta tura ƙofa, ba ta rufewa duka. Daga inda nake zaune ina jin komai. Da farko na zaci za ta riƙa tsallake tsakiyar ta tafi wurin da ya ambace ta. Ba ta tsallakewa. Tana barinsa daga sallama har ƙarshe, sannan ta sake kunnawa.